Shaidar Tsohon Mahauci

Litinin, 5 ga Mayu

Likita ya ce a saya mini littafi in riƙa rubuta awon jinina safe da yamma. Surukata ta sayo mai shafi ɗari biyu. Lambar da za a rubuta ba ta cika layi ɗaya ba, sauran takardar fa, a bar ta ta lalace? To zan rubuta abin da ke hawar da jinin, shi ya fi amfani. Rubutuna kamar kaza ta taka tawada, ban damu ba. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin allunan shaguna da bayan motoci na tsinci baƙaƙen nan, kuma ba mai karantawa sai ni.

Abu na farko, akwatin nan da ke falo. Ɗana ne ya sayo, wanda nake kira Mai Kwat tun da ya sami aikin ofis ya daina cin abinci da hannu. Ɗansa ya saya wa, takwarana, mai shekara goma sha shida. An haɗa shi da talabijin. Yaro yana dawowa daga makaranta, ko takalmi bai gama cirewa ba, zai toshe kunne ya hau harbin mutane. Mutane fa, ba tsuntsaye ba. Yau na tsaya a bakin ƙofa na ƙirga, goma sha ɗaya ya kashe kafin a kira la'asar. Yana yi yana dariya.

Laraba, 7 ga Mayu

Ba gishiri yau ma. Sun kwashe wuƙaƙena sun kulle a akwati wai hannuna na rawa, amma yaro an saya masa bindiga ta cikin gilashi. Gidan nan a kife yake.

Asabar, 10 ga Mayu

Na yi wa Mai Kwat magana da safe. Na ce abin da ido ya saba gani hannu ba ya jin nauyinsa. Ya ce, «Baba, wasa ne kawai, duk sa'o'insa suna yi.» Na ce idan duk sa'o'insa suka faɗa rijiya fa? Ya duba agogo. Kullum idan ina magana sai agogonsa ya yi masa ƙaiƙayi.

Takwara kuwa da na ce masa zai lalace, sai ya ɗaga abin kunnen gefe ɗaya ya ce, «Tsoho, zo in koya maka, ko ka huce haushin gishiri a kan wani.» Ɗan banza. Na kusa dariya, amma ban ba shi wannan ba.

Da yamma na fita benci wurin Mai Walda, shi kaɗai ya rage mini a layin nan cikin sa'o'ina. Na zayyana masa komai. Maimakon ya kama mini, sai ya ce, kai da ka yi shekara hamsin kana yanka shanu, jini har gwiwar hannu, mutum nawa ka yanka? Na ce wannan daban. Ya ce ina bambancin? Na ce ni da bisimilla nake yi, don mutane su ci, ban taɓa wasa wuƙa a gaban dabba ba, ban taɓa yanka wata a gaban idon wata ba, ban kuma taɓa dariya a kan wuyan bijimi ba. Ya ce to.

Ya sosa mini inda ba na so. Lokacin da na je neman auren marigayiya matata, kawunta a gabana ya ce ba a ba mahauci 'ya, hannun da ya saba da jini wata rana a gida zai sauke. Shekara arba'in da ɗaya muka yi da ita, ko tsintsiya ban ɗaga mata ba. Kawun ya mutu bai janye maganarsa ba. Ban yafe ba, a rubuta.

Amma wannan daban ne. Daban ne.

Talata, 13 ga Mayu

To ga shi nan. An kira uwarsa daga makaranta wajen azahar. Takwara ya yi faɗa da wani ɗan ajinsu, ɗan mai fenti, an fasa wa yaron goshi, ɗinki shida. Wai da rula ta ƙarfe ya tsaga shi. Ya dawo da jini a gaban riga, ya shige ɗaki. Uwarsa na kuka a kicin. Ban ce na faɗa ba. Na dai tsaya inda za su gan ni.

Laraba, 14 ga Mayu

Takarda ta zo. An dakatar da shi. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar ashirin da shida ga wata, idan suka tabbatar ya yi amfani da ƙarfe, kora ce. Jarrabawarsa ta fita kuma biyu ga watan gobe za a fara. Wanda aka kora ba ya zana ta. Shekara shida ta tafi ke nan a kan wasa.

Shi yana cewa tura shi kawai ya yi, rular tana hannunsa ne don darasin zane suke. Yara uku sun ce sun ga rula, sun ga jini. Uban bai san wanda zai gaskata ba, yana ta zagaya falo da waya a kunne. A kan me suka yi faɗan? A kan akwatin! Wai ƙungiyarsu ɗaya a cikin wasan, an cinye su, ɗan mai fenti ya ce Takwara ne ya kashe su, ya yi ta yi masa ba'a a gaban aji. A cikin gilashi aka mutu, a waje aka zubar da jini. Wa zai ce mini yanzu ban san abin da nake faɗa ba?

Alhamis, 15 ga Mayu

Na je makarantar ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Gwiwa ta ba ni wuya a matakala amma na hau. Tunanina mai sauƙi ne. A mayanka idan sa ya soki mutum, ba wanda ke zagin sa, wanda ya ɗaura igiya ake nema. To in nuna musu igiyar, su bar mini yaro.

Hedimasta ya karɓe ni da mutunci, har da kujera mai laushi da ruwan sanyi. Na gaya masa komai. Na ce yaron nan ba shi ne ba, akwati ne. Na ce kullum sai ya kashe mutum goma, ashirin, yana dariya, yana ihu, ya daina jin kira, wata rana har ya buga abin dannawar da ƙasa don haushi. Na ce duk wanda ya wuni a haka dole hannunsa ya yi sauri. Wata mata a gefe tana ta rubutawa. Hedimasta ya ce, «Baba, mun gode ƙwarai, wannan zai taimaka wa kwamiti.» Aka karanta mini, na sa hannu.

Rabon da wani ya saurare ni har ƙarshe ba tare da duba agogo ba, tun marigayiya na da rai.

Asabar, 17 ga Mayu

Ashe haka 'yan boko ke yi da maganar mutum.

Mai Kwat ya je makarantar jiya don ya roƙa, sai aka nuna masa takardata. A samanta an rubuta wai shaidar kakan yaro cewa yaron ya saba da tashin hankali a gida. Ni na ce haka? Akwati na kai ƙara! Su kuma suka ce akwati ba ɗalibinsu ba ne, ba za su iya korar akwati ba.

Ya shigo ɗakina ko sallama babu. Tun da na haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba sai yau. «Baba, ka san abin da ka yi? Da ma shakka suke yi, kai ka cire musu ita.» Na ce ka rage murya, ni na haife ka. Ya ce, shi ma yaron ni na haife shi. Ya fita.

Ni ne mai laifi yanzu. Ba wanda ya sayo abin ba, ba wanda ya ƙera shi ba, ba matar da ta murɗe mini magana da biro ba. Tsoho dai, shi ne jujin gida.

Lahadi, 18 ga Mayu

Surukata ta ajiye abinci ta ce ga shi, Baba, ba ta ƙara ko kalma ba. Takwara ya wuce ni a tsakar gida sau uku. Na huɗun na ce, kai ɓarawon suna, ba gaisuwa? Ya tsaya. Ya ce, «Ina kwana, Kaka.» Kaka. Kamar wani baƙo a asibiti. Sannan ya ce, «Ko tambayata ba ka yi ba.»

To me zan tambaya? Ga jini a riga.

Talata, 20 ga Mayu

Na ce tunda duk gidan ba wanda ya san ya kamata, ni zan je duba yaron da aka ji wa ciwo. Mai Walda ya raka ni, ya san shagon uban. Gidan na bayan shagon, ko'ina warin fenti. Yaron na kwance da bandeji, ya gaishe mu da ladabi, ya ce shi bai ma san abin da ya same shi ba, ya ji an tura shi, sai ya ga jini ya rufe masa ido. Uban kuwa wuta yake ci. Ya zaro waya ya ce, dubi abin da jikanka ya yi, na ɗauka kafin a ɗinke, kwamiti zan kai wa. Ya ja hoton da yatsu biyu har ya cika gilashin.

Na duba. Na ce ya ƙara ja. Na daɗe ina dubawa har ya fara ƙosawa.

Ba yanka ba ne.

Ni ba likita ba ne, amma fata ce na wuni a kanta shekara hamsin. Abu mai baki idan ya bi ta kan fata, leɓɓan raunin a miƙe suke, sumul, kamar an raba ƙyalle da almakashi. Wannan bakinsa a dagargaje yake, ya kumbura, gefensa a goge, ga zare-zaren nama sun haɗa wannan gefe da wancan ba su tsinke ba. Kuma ya yi kwana, kamar kusurwa. Haka fata ke fashewa idan ta shiga tsakanin ƙashi da abu mai tauri. Na ga irinsa a goshin dabbobin da suka yi karo da ƙofar mota wajen saukewa, ba sau ɗari ba.

Na yi masa sannu muka fito. A hanya Mai Walda ya ce ka yi shiru da yawa. Na ce gwiwa ce.

Laraba, 21 ga Mayu

Na wuni ina jin haushi, ban san na wa ba. In na yi shiru, magana ta tabbata a kan abin da na daɗe ina faɗa, kowa ya san tsoho ya yi gaskiya. In na yi magana, ni da bakina zan je in kwance abin da na ɗaura, a gaban matar nan mai biro.

Bayan la'asar na tura ƙofar ɗakin Takwara. Yana zaune da littafi a buɗe, ba karatu yake ba. Na ce ina yaron yake tsaye lokacin da ka tura shi? Ya dube ni kamar ba zai amsa ba. Can ya ce kusa da taga. Na ce tagar a buɗe take? Ya ce e, irin mai buɗowa ciki ce, ta ƙarfe, ya gaya wa malamin aji amma ba wanda ya saurara, kowa rula yake kira. Na ce jinin rigarka fa? Ya ce shi ya danne masa goshin da hannu har malami ya zo.

Na ce to, na fito. Ai na tambaya yanzu.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na je tsohon wurin aikinmu bayan masallaci. An sa tayil, an sa famfo ko'ina, yara na yanka da safar hannu kamar masu tiyata. Wanda na koya wa fiɗa yana ƙarami, yanzu shi ne babba a wurin, furfura ta fara masa. Ya durƙusa ya gaishe ni a gaban yaransa. Akwai sauran mutane a duniya. Na ce kan akuya nake so ranar Litinin da sassafe, a babbake a kankare, kada a fasa. Ya ce miya za a yi? Na ce shari'a.

Litinin, 26 ga Mayu

Sai na rubuta wannan duka kafin in manta.

Ba a gayyace ni ba. Mai Kwat ya ce in zauna a gida, na yi abin da ya isa. Na bar su suka tafi, na bi bayansu da ledata. Maigadi ya leƙa ledar ya ja da baya. Ya ga 'yar wuƙar da na aro daga kicin, ya ce wannan kam ba za ta shiga ba. Mutum mai shekara saba'in da takwas, wai ni za a karɓe wa wuƙa a ƙofar makaranta! Na bar masa, na ce ya kula, ta fi shi amfani.

'Yan kwamitin su biyar ne a bayan tebur, ga mai fenti, ga namu. Ina shiga hedimasta ya ce yauwa, ga kakan ma da kansa, ya ɗauko takardata zai karanta. Na ce dakata, a kai ni ajin tukuna. Wata malama mai tabarau ta ce ba haka tsarin yake ba. Na ce 'yata, ni ban san tsari ba, amma na hau matakalar nan sau biyu da gwiwar da ba tawa ba, ba zan sauka ba sai an kai ni. Mai Kwat ya rufe fuska da hannu.

Aka kai ni. Aka fitar da yara. Na zaro kan akuya na ɗora a kan tebur, malamar ta ce innalillahi. Na ce a ba ni rular. Na ja bakinta a goshin da iya ƙarfina, sau biyu. Layi ne kawai ya fito, a miƙe, ko fatar bai raba ba. Sannan na buɗe tagar, na riƙe kan da hannu biyu, na haɗa shi da kusurwar ƙarfen. Ƙarar ta sa kowa ya zabura. Fatar ta fashe, da kwanarta, da zarenta. Na ce wa mai fenti fito da hotonka ka ajiye a gefe. Suka sunkuya su duka. Wani malami ya tsaya a jikin tagar ya gwada tsayinta da goshinsa, ya ɗan rage tsawo kamar na yaro. Mai fenti ya daɗe yana kallon waya yana kallon akuya, sannan ya ce, ko ma mene ne, ai shi ya tura shi. Na ce wannan gaskiya ne, a hukunta shi a kan turi.

Sai mai tabarau ta ce to takardar da ka sa wa hannu fa, Baba, ka janye ke nan?

Nan ne wurin. Na ji duk sun zuba mini ido, har da Takwara. Na ce abin da na gani a falo na gani, ba na janye shi, har gobe ba na son akwatin. Amma abin da ya faru a ajin nan ban gani ba, na kuwa yi magana kamar na gani. Na ce an taɓa yi mini irin wannan, aka dubi sana'ata aka yanke mini hali, na san ɗacinsa. Na ce ku yaga ta.

Ba su yaga ba, wai ba a yaga takardar ofis. Matar nan mai biro ta rubuta wani abu a ƙasa na sake sa hannu, wannan karon sai da na sa Mai Kwat ya karanta mini sau biyu.

Ban ce na yi kuskure ba. A lura. Cewa na yi ban gani ba.

Talata, 27 ga Mayu

Ba kora. Dakatarwar da ya yi ta isa, zai ba yaron haƙuri a gaban aji, zai zana jarrabawa. Za su canja tagogin. Surukata ta yi ta kuka tana godiya ga Allah, ta gode wa hedimasta a waya, ta gode wa mai fenti. Ni aka ce mini, Baba, ina wuƙar kicin? Na manta ta wurin maigadi.

Litinin, 2 ga Yuni

Takwara ya tafi jarrabawa da fensir biyu. Ya gaishe ni, a tsaye dai, amma ya gaishe ni.

Asabar, 14 ga Yuni

Jiya suka gama. Yau da safe na ji Mai Kwat yana cire wayoyin akwatin, wai zai kai wa wani abokin aikinsa, ya gaji da fitina. Yanzu ya gane, bayan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Yaron na tsaye a jikin bango yana kallo.

Na ce mayar. Ya ce, «Baba, ba kai ne ka...» Na ce na san abin da na ce, ba sai an tuna mini ba. Ka raba shi da shi a nan, ya je ya yi a shagon da ba mai ganinsa? A bar shi inda ido yake. Awa ɗaya, bayan la'asar, ba toshe kunne, kuma ina zaune.

Ba don na sauya ra'ayi ba ne. Abin banza ne, kuma na gaya masa duk ranar da na ji ya yi dariya a kan gawa, ko ta gilashi ce, ni zan tsinke wayar da kaina. Ya ce ya ji.

Na zauna. Hayaniya ce kawai da walƙiya, kaina ya yi ciwo, ban gane wa ke bin wa ba. Sai na bar gilashin na koma kallon hannunsa. Yatsun ba sa gaggawa, ba sa ɓata motsi, kowanne ya san wurinsa tun kafin ido ya kai. Cikin yara fiye da talatin da na koya wa fiɗa, biyu ne kawai na ga suna da irin wannan hannun. Ban gaya masa ba, kansa zai kumbura.

Da awa ta cika bai lura ba. Ni na lura. Na bar shi ya ƙarasa wasan da yake ciki.